Na Arba'in da Ɗaya a Askin Naoto

Moss Side, 3 ga Satumba 2024

Ƙanwata Adiza,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da 'yarki Sumaiya kuna lafiya. Na ga kiranki sau tara. Ba na ɗagawa ne don kin fi ni baki, a takarda kuwa ba mai katse ni.

Katin gayyatar ya iso daga Japan. Na karanta da kaina, Japanancin da na koya a Osaka bai gudu duka ba. To, ɗana Naoto ya bar kokawar sumo bayan shekara goma sha takwas, za a yanke masa tukkun da 'yan kokawa ke ɗaurewa a ka. Zai zauna a kujera ya ba masu zuwa baya, a riƙa kiran suna, kowa ya ɗauki almakashi ya yanki gashi kaɗan. Magoya baya ne farko, sai dangi, sai maigidan da ya horar da shi ya ƙarasa.

Kin duba jerin sunayen? Ni ne na arba'in da ɗaya, a cikin magoya baya. A gabana mai sayar da kifi, a bayana mai gidan wanka. Inda aka rubuta "uba", mijin uwarsa ne. Ke ma, gwaggonsa, kina layin dangi.

Na yi digiri biyu a injiniyanci na ƙare da tuƙa bas a Manchester, na haɗiye. Wannan ba zan haɗiye ba. Ba za ni ba.

Yayanki, Moro


Sparkhill, 9 ga Satumba

Yaya Moro,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwar nan, likita ya ce in rage shinkafa, na ce ya fara rage tasa.

Yaya, ka bar yaro yana shekara uku. Mutumin da kake jin haushinsa shi ya kai shi makaranta, shi ya zauna a asibiti lokacin da aka yi masa aikin gwiwa. A ina kake so a rubuta shi?

Bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Shekara biyu ke nan Sumaiya na magana da Naoto ta waya. Ita ta gaya masa cewa ba kokawarsa ɗaya da ta wuce ka. Da yake haɗa sunayen ya ce mata: "Ban san yadda zan kira shi uba a gaban mutane ba. Amma wanda ya kalli kowace kokawata magoyin bayana ne, wannan ba ƙarya a ciki." Ba wulaƙanci ba ne. Wurin da ya iya samo maka ke nan.

Mun sayi tikiti uku. Ka nemo fasfo ɗinka.

Ƙanwarka, Adiza


Moss Side, 20 ga Satumba

Adiza,

Bayan gaisuwa. Ki ce wa Sumaiya abin da ta gani a kwamfutata ba na rabawa ba ne.

E, na kalla. Na ga ranar da ya fara, siriri, gashin ko ɗauri bai isa ba. Shekara tara yana ƙananan matakai, yana dafa wa manya abinci yana cuɗa musu baya. Na ga ranar da ya hau matakin da ake kokawa kwana goma sha biyar a jere. Gasa uku kawai ya yi a can, gwiwar hagu ta tafi, ya gangaro. Shekara takwas yana neman komawa. Yana da wata ɗabi'a: idan ya kayar da mutum sai ya miƙa hannu ya ɗaga shi. Ba a wurina ya gado ba.

Abin da ba ki sani ba: yana shekara goma sha biyar ya rubuto mini, wasiƙarsa ta farko, yana neman in sa masa albarka zai shiga gidan horo. Na zauna na zaɓo kalmomi masu kyau, na gyara nahawu sau uku. Na ce ɗan injiniya ba ya tsiraici don a tafa masa. A ranar daga ɗakin hutun direbobi na rubuta.

Idan na tsaya a bayansa da almakashi, wannan takardar ce tsakaninmu. Ku tafi. Ki ce ba ni da lafiya.

Moro


Sparkhill, 14 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Mun dawo jiya. Ban ce ba ka da lafiya ba, ban iya ba. Na ce wataƙila kana hanya, don har muka shiga jirgi ina duba ƙofa.

A zauren wani otal aka yi. Mai kifin nan tsoho ne, shekara da shekaru yana kai wa gidan horonsu kifi kyauta, yana yanka gashin yana kuka kamar yaro. Sai aka kira ka. Ba Moro suka ce ba, cikakken sunanka, Umaru Abdul-Aziz, kuma mai sanarwar bai yi tuntuɓe ba, ka san an koya masa. Ba wanda ya taso. Aka sake kira. Mutumin zai wuce zuwa na gaba, sai Naoto ya ɗaga hannu, bai waiwayo ba, ya ce a jira. Mutum kusan ɗari biyu, ba mai ko tari. Sumaiya ta matse mini hannu har ya yi ciwo. Can ya sauke hannun.

Da na yanki nawa na ce masa Allah ya yi maka albarka. Ya ce, "Amin, Gwaggo." Hausar da ya haddace ke nan, da wata jimla ɗaya da ya ce ya tanada maka. Bai faɗa mini ba.

Na gaji, Yaya. Ka huta lafiya.

Adiza


Moss Side, 17 ga Oktoba

Adiza,

Na karanta. Ki tambayar mini Sumaiya minti nawa hannun ya yi a sama. Kada ta rage.

Yayanki, Moro