A Dawo Mana da Waƙar Inna Hauwa

Zuwa ga Shugaban cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce da ta karɓi takardun gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na rubuto ta inda jama'a za su gani ne saboda wasiƙu biyun da na kai ofishinka da hannuna har yau ban ji amsarsu ba. Ban kama sunan cibiyarku ba, don ba tozarta kowa nake son yi ba. Kun san kanku, kuma takardar shaidar karɓa mai ɗauke da hatiminku tana wurina.

Sunana Rabi, tsohuwar malamar firamare, haifaffiyar Jakara. Kakata ta wajen uba, Malama Hauwa, wadda muke kira Inna, ta yi rayuwarta tana koyar da matan unguwarmu karatu a ɗakinta. Da ta rasu ta bar mana adudu guda cike da takardu: littattafan fiƙihu da tauhidi da ta kwafa da hannunta, da waƙoƙin wa'azi na ajami. A cikinsu akwai wata waƙa mai falle goma sha huɗu, wadda ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Babban ɗanta, Baba Yusufu, ya tafi aikin hajji a ƙasa tun kafin a haife ni. Wasiƙarsa ɗaya ta iso daga Sudan, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai ta zauna ta rubuta masa waƙa. Duk shekara idan alhazan unguwa suka dawo, aka gama zuwa yi musu barka, takan fito da ita daga gafaka ta rera, ɗalibanta suna yi mata amshi. A kan waɗannan fallaye na koyi karatun ajami, ina zaune a gefen tabarmarta tana nuna mini baƙi da tsinke. Akwai falle ɗaya da tawada ta baje a tsakiyarsa. Na taɓa tambayarta, ta ce yoyon ɗaki ne. Sai da na haihu na daina yarda da wannan amsa.

Ga abin da ya faru tsakaninmu da ku.

Na farko. Shekara huɗu ke nan, bayan wata damina da ta rusa katangar ɗakin Inna, malamai uku daga cibiyarku suka zo gidanmu. Zan faɗi gaskiya, sun zo da ladabi, sun zauna a zaure, sun nuna mana inda gara ta fara cin gefen takardun. Suka ce za su share su, su ɗauki hotonsu, su dawo mana da su cikin wata uku. Yayana Malam Sani, wanda shi ne babba a gidan a lokacin, ya yi jinkiri. Ni ce na matsa masa. Na ce, "Yaya, gara su tafi inda za a kula da su, da mu wayi gari mu tarar da gari a cikin adudu." Ya sa hannu, aka ɗauki ƙunshi goma sha ɗaya, har da waƙar a ciki. Yaya Sani ya rasu bara bai sake ganinsu ba, kuma bai taɓa tuna mini cewa ni na sa shi ba.

Na biyu. Sau biyar ina zuwa cibiyarku. An ce mini mai riƙe da mukulli ya yi tafiya. An ce ana gyaran ɗakin ajiya. A zuwana na huɗu aka ce ba a buɗe wa kowa takardu sai mai bincike da ya zo da wasiƙa daga jami'a. Ranka ya daɗe, ni ba mai bincike ba ce. Jika ce da ta zo ganin rubutun kakarta, kuma ban san jami'ar da ke ba da irin wannan wasiƙa ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. A zuwana na ƙarshe wata ma'aikaciyarku, Allah ya saka mata da alheri, ta ji tausayina ta buɗe mini jerin sunayen takardun a kwamfuta. Na ga waƙar Inna. A gurbin sunan mai waƙa an rubuta cewa ba a san shi ba, ana kyautata zaton wani malami ne matafiyi. Na tsaya ina kallon layin nan har ta tambaye ni ko lafiya. Duk wanda ya karanta waƙar zuwa ƙarshe zai ga inda mai waƙar take tuna yadda ta goya yaron zuwa kasuwar Kurmi, da ranar da ta yaye shi. Wane malami matafiyi ne ya yi goyo? Inna ba ta sa sunanta ba don kunya irin ta matan zamaninta, ba ta ma kama sunan ɗanta na fari a ciki ba. Amma da an tako zuwa Jakara an tambaya, da tsofaffin unguwa sun faɗa. Malamanku sun san ƙofar gidan.

Na huɗu. A cikin 'ya'yan Inna saura mutum ɗaya a raye, autarta, Gwaggo Binta. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, kuma ita kaɗai ta rage da ta san fuskar Baba Yusufu. Ta haddace waƙar tun tana budurwa, amma yanzu rabinta ya zube mata. Takan fara rerawa da hantsi idan ta fito shan iska, ta yi ta tafiya daidai har inda Inna take lissafa garuruwan da ɗanta ya ratsa, sai ta tsaya. Sai ta ce, "Rabi, da ya wuce Barno ina ya nufa? Ɗauko takardar ki duba mini." Na daɗe ina ce mata an kai gyara. Kwanan baya ta ce, "Wannan gyara, ko shi ma hajjin ƙasa ya tafi?" Ta yi dariya, ni kuwa na tashi na shiga ɗaki.

Ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na karanta waƙar nan ba adadi, amma ban haddace ta ba, ban kuma kwafe ta ba, don a ganina tana nan a gida ba inda za ta. Ba kuma ina ƙin aikinku ba ne. Na san akwai gidaje da yawa a cikin birni da takardun kakanninsu suka ƙare a bakin gara da ruwa, kuma ina so ɗalibai su karanta Inna, su san matan Jakara sun riƙe alƙalami. Amma abin da aka karɓa da alkawarin wata uku amana ce.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku. A dawo mana da ƙunshi goma sha ɗayan nan kamar yadda aka rubuta a takardar shaida. Hotunan ku riƙe, mun yafe muku su, a yi ta karatu. A gyara jerin sunayenku, a rubuta Malama Hauwa ta Jakara a inda aka ce ba a sani ba. Idan kuma dawo da su duka zai ɗauki lokaci irin na ofis, to a fara ba ni hoton fallaye goma sha huɗun nan a cikin wannan mako. Zan zo da kaina in karɓa, ko da a bakin ƙofa ne.

Akwai kuma abin da ban gani a cikin ajiyarku ba, wato karin da ake rera waƙar da shi. Ba a rubuce yake ba, kuma ba wanda ya iya shi daidai sai Gwaggo. Ku turo malamanku da na'urar ɗaukar murya, ni in riƙa karanta mata baitin da ya ɓace, ita tana ɗora masa murya. Na tambaye ta, ta yarda. Ta ce dai a zo da safe, don da rana ƙarfinta ba ya kaiwa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon abin da aka damƙa maka, ya jiƙan magabatanka da namu.

Wassalam.

Taka,
Malama Rabi,
Jakara, cikin birnin Kano.