Farfesun Inna a tukunyar lantarki

Gumel, daren Laraba

Na kasa barci, kunnena na ɗakin Inna.

Don ita na sayo tukunyar lantarkin nan a Maigatari, mai dafa abu a hankali. Haƙoranta sun zube, nama sai ya yi luguf take iya ci, ni kuma tun bakwai nake tafiya koyarwa Gagarawa, sai la'asar sakaliya nake dawowa. Mai shagon cewa ya yi, "Hajiya, ki zuba kawai ki tafi abinki." Ban tambaye shi in an ɗauke wuta fa ba.

Da safe na zuba naman akuya, na jona, na fita. Da na dawo na taɓa tukunyar, sai ɗan ɗumi kawai. Maƙwabciyata ta ce tun hantsi aka ɗauke wutar, mijinta ya ce bayan azahar ne. Na ce zubarwa zan yi, naman da ya wuni a ɗumi cikin zafin nan ba abin yarda ba ne.

Inna ta ce, "Ai na sha romon da azahar. Naman ne da tauri, na tsotsa na ajiye."

Sai na ɗaga mata murya, uwar da ta haife ni. Ta bari na gama, ta ce, "Murhu in ya mutu ina gani, 'yar nan. Wannan ko hayaƙi ba ta yi, ta yaya zan sani?"

Har yanzu ba ta ce cikinta na ciwo ba, amma Inna ba ta taɓa faɗin ciwonta. Gobe ma bakwai zan fita, kuma ban san abin da zan bar mata ba.