Hijabin Salima a Jikin Fatalwa

Goggo Turai, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, ki sa wasiƙata gaba da ta kowa, don abin da nake ɓoyo ya kusa fashewa. Na sauya sunaye, amma duk ɗan unguwarmu nan Kaura Namoda zai gane. To ya gane, ni dai na gaji.

Ina da ɗa, Zaharaddeen, yana ajin ƙarshe na sakandare. Yaron nan ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, ciwonsa ɗaya ne: fim. Tun da kawunsa ya ba shi tsohuwar waya muka shiga uku, ko kaza ce ta gitta sai ya ɗauke ta. Da aka yi hutu ya tara abokansa da ƙanwarsa Nabila, wai za su yi fim na ban tsoro a wani kango bayan unguwa. Na ɗauka wasan yara ne. Wallahi zoɓon da suka yi jini da shi ma ni na dafa masu da hannuna.

Labarin wata 'yar ƙauye ce da ta shigo makarantar gari, 'yan mata uku suka sa ta gaba da tsangwama, suka kulle ta a ɗakin ajiya har ta mutu, sai ta dawo fatalwa tana bin su ɗai-ɗai. Nabila ce fatalwar.

To ga inda gizo ke saƙar, Goggo. Ina da maƙwabciya, Tasalla, baiwar Allah da ta taso daga wani ƙauye wajen Zurmi lokacin da zama ya gagare su can. Ɗiyarta Salima ajinsu ɗaya da Nabila. Daminar bara zazzaɓi ya kama yarinyar, Allah ya karɓi abarsa a asibiti. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka, babu ko ƙwarzane a jikinta. Da aka share makoki aka fitar da kayanta sadaka kamar yadda aka saba, Tasalla da ƙafarta ta kawo wa Nabila hijabin Salima. Ruwan goro ne, dutsen guga ya taɓa ƙona shi daga ƙasa, uwar ta yi masa maho da koren ƙyalle. Ta roƙi Nabila ta riƙa sa shi zuwa Islamiyya ko ladan zai riƙa isa ga mai shi. Nabila ba ta taɓa sawa ba, wai in ta ɗauko sai ta ji kamar Salima na bayanta. Yana ƙasan akwati.

Kin dai gane sauran. Da Zaharaddeen ya nemi tsohon hijabin da ba a amfani da shi, wannan sakaryar ta ɗauko masa wancan. Shi ya rantse bai san na wace ce ba, kuma na yarda, namiji ina ruwansa da hijabi. Ita kuwa tun da na tsare ta sai kuka, na rasa gane kanta.

Zaharaddeen bai tsaya nan ba, da suka gama fim ɗin ya kai wa mai shagon caji da tura finafinai na bakin tasha. Yanzu fim ya shiga wayoyi, har wata 'yar'uwata ta kira ni daga Shinkafi tana yabo. Ba a nuna fuskar fatalwar ba ko sau ɗaya, hijabin kawai ake gani, kuma kamar da gayya ya dinga kai kyamara kan koren mahon nan. 'Yan ajin su Salima suna gani suka shaida shi. Magana ta tashi wai ashe ba zazzaɓi ba ne, kashe Salima aka yi. Akwai wata Mardiyya da suka taɓa faɗa da marigayiyar kan wurin zama a aji, faɗan yara. Yau yarinyar nan ba ta iya zuwa makaranta, yara na bin ta suna kiran ta mai kisa. Ubanta na ta cigiyar wanda ya yi wannan aiki.

Tasalla ba ta sani ba tukuna. Ba ta da babbar waya, amma yaran gidan da take zaune suna da ita. Kullum da safe sai ta shigo ɗibar ruwa rijiyarmu, mu gaisa. Shekaranjiya har ta tambayi Nabila ko hijabin bai yi mata tsawo ba. Na shige ɗaki na bar yarinyar tsaye. Hijabin na wanke shi har hannuna ya yi zafi, zoɓon ya ƙi fita.

Maigida direba ne, Kaura zuwa Shinkafi, ga saurin fushi. In ya ji, waya ta fashe, yaro ya sha kashi, kuma yadda hanyar nan take ba na so ya hau ta da ɓacin rai. Sannan abin kunyar, Goggo, fim ɗin ya yi kyau. Ni da na dafa zoɓon sai da tsikar jikina ta tashi. Wani lokaci in ji kamar in shaƙe yaron, wani lokaci in ji ina alfahari da shi. Har ya fara zancen kashi na biyu, ki ji fa! Na turo maki ki gani da idonki. In gaya wa Tasalla, ko in ja bakina in yi ta addu'a abin ya lafa? In ƙona hijabin? In hana shi fim har abada?

Uwar Mai Fim, Kaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan Salima, ya ba mahaifiyarta haƙuri. Na kalli fim ɗin, kuma zan fara da shi, domin maganin damuwarki yana cikinsa.

Ɗanki yana da baiwa, wannan ba kara nake yi miki ba. Wurin da yarinyar ke cin ɗumamenta ita kaɗai a bayan aji, tana ɓoye kwanon da gefen hijabi don kada a yi mata dariya, ya fi duk wani ihu da ke cikin fim ɗin taɓa zuciya. Bai sa kiɗa ba, ya bar hayaniyar sauran yara daga nesa. Ya kuma gane cewa abin da ba a gani ya fi firgita mutum, shi ya sa ya ɓoye fuskar. Akwai manyan da suka shekara a sana'ar ba su gane haka ba. Alfaharinki ba laifi ba ne.

Amma daga inda fatalwa ta fito, fim ya rame. Kisa na farko ya razana ni, na biyu na san abin da zai faru, na uku ina kallon zoɓonki ne kawai. 'Yan matan nan uku bai ba su komai ba sai mugunta: ba gida, ba nadama, ba dalili. In ka zana mutum haka, mai kallo zai nemi fuskar da zai liƙa masa, ga shi an liƙa wa Mardiyya. Ki kuma tuna wa yaranki cewa mamaci ba ya dawowa ɗaukar fansa, hisabi na Allah ne. Babban raunin kuwa shi ne yarinyar cikin fim ba ta da kowa. Ta mutu, ba wanda ya neme ta, ba wanda ya yi kuka.

Yanzu ga abin yi. Shiru ba zai fisshe ki ba. Fim ɗin da ya kai Shinkafi zai tsallaka katangarki. Tasalla za ta gani, abin da ya rage a hannunki shi ne ta wace hanya: daga bakinki, ko a wayar wani yaro ana ƙyaƙyata dariya a kanta. Kada ki tare ta a bakin rijiya. Ki bi ta ɗakinta, ke da Nabila, ki faɗa mata komai tun daga zoɓon, kuma ki fara da tabbatar mata cewa jita-jitar ƙarya ce. Ke kika wanke 'yarta, shaidarki tana da nauyi. Kada ki yi dogon bayanin kare yara. In ta yi fushi ki ƙyale ta ta yi, in ta daina shigowa ɗibar ruwa, ki aika mata da shi.

Hijabin kada ki ƙona. Amana ce aka ba ku da sharaɗi, ba ku cika ba. Ki tafi da shi a ninke, da tabonsa, ki bar ta ta zaɓi makomarsa. Nabila kuma ki sassauta mata. Yarinyar da ta kasa sa hijabin ƙawarta zuwa Islamiyya, ta sa shi ta zama fatalwarta, ina jin makokin ne bai sake ta ba. Ki zaunar da ita ki saurare ta.

Maigida ya ji daga gare ki kafin ya ji a tasha, inda fim ɗin ya fi yawo. Ki zaɓi ranar da ba shi da lodi, bayan ya ci abinci. In kina tsoron hannunsa, ki kira kawun da ya ba da wayar ya zauna. Daga nan su ɗauki Zaharaddeen su je wurin mahaifin Mardiyya tare da mai unguwa, tun bai gano da kansa ba. Yaron ya ɗauki gajeren bidiyo da fuskarsa, ya ce labarin ƙirƙira ne, ƙanwarsa ce a cikin hijabin, babu hannun kowa a rasuwar kowa, ya kai shagon da ya kai na farko, a kuma roƙi mai shagon ya daina tura wancan. A sanar da shugaban makaranta don Mardiyya ta koma aji da mutuncinta.

Kashi na biyu babu shi. Amma kada a fasa waya, kada a hana shi fim. Horon da ya dace da shi ya fi duka zafi: bayan kin fito daga ɗakin Tasalla, in ta yarda, shi ma ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta ya nemi gafara, ya ga fuskar da ya manta bai sa a labarinsa ba. A fim ɗinsa yarinyar ba ta da uwa. A unguwarku tana da ita, kuma gobe da safe za ta shigo da bokitinta.

Ki riga ta, 'yar'uwa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Tasalla, ya shirya mana zuriya.

Goggo Turai