Ranar da Muka Ɓoye Marasa Lafiyarmu

Daga:
Malam Sama'ilu Baƙo,
Shugaban Kwamitin Kula da Ƙaramin Asibiti,
Dutsen Marke, Ƙaramar Hukumar Roni,
Jihar Jigawa.

Litinin, 7 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Wucin Gadi
kan Ƙudirin Haɗe Ƙananan Asibitoci,
Majalisa, Abuja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ROƘON CIRE ASIBITIN DUTSEN MARKE DAGA JERIN WAƊANDA ZA A RUFE, DA GYARA RAHOTON ZIYARAR 14 GA MAYU, 2025

Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana, na rubuto takardar nan ne a madadin mutanen Dutsen Marke da rugage uku da ke bayan dutsenmu. Ni tsohon hedimasta ne. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau da zan fara, sai ga shi mutum na farko da zan kai ƙara ni ne kaina. Ina roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin lokaci ya ƙure mana fiye da yadda ake gani daga Abuja.

1. Ranar Talata, 17 ga Yuni, muka ji a rediyo cewa an yi muhawara kan ƙudirin da ke gaban kwamitinka, wanda ya ce duk ƙaramin asibitin da ba ya ganin mara lafiya goma a mako a rufe shi, a haɗe ma'aikatansa da kayansa da wani babba. Muka ji wani ɗan majalisa ya ɗaga hoto a zauren, ya ce ga misalin ɓarnar dukiyar ƙasa: gadaje shida, ma'aikaciya tsaye cikin fararen kaya, babu ko mutum ɗaya a kwance. Ya ce gara a kwashe abin da ake zubawa a irin waɗannan ɗakuna a gina manyan asibitoci a birane, a sayo na'urorin zamani. An ce har tafi aka yi masa. Da yamma wani ya nuna mini hoton a wayarsa. Ban tsaya karanta sunan da ke ƙasa ba. Na gane zannuwan gadon, domin ni na aro su.

2. Ga yadda hoton ya samu. Ranar Asabar, 10 ga Mayu, aka aiko mana cewa manyan baƙi daga kwamitinka za su zo duba asibiti ranar Laraba. Ba a gaya mana me za su duba ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Muka taru a zauren mai gari. Ranka ya daɗe, a wajenmu abin kunya ne babban baƙo ya shigo ya tarar da amai a ƙasa da mutum kwance ba riga. Ko surukinka ne zai zo, sai an kai mara lafiya ɗakin ƙurya an kunna turare. A kan wannan tarbiyya muka yanke shawara, kuma ni na fi kowa ɗaga murya. Muka shafe bango da farar ƙasa. Muka aro zannuwan gado shida daga ɗakin Ma'u, 'yar ƙanena, wadda ba ta daɗe da tarewa ba. Rajistar asibitin ta tsufa, bangonta ya yage, ta sha jini da ruwan magani, sai na hau babur na tafi Kazaure na sayo sabuwa fil, na sa tsohuwar a ƙarƙashin katifata.

Da safiyar Laraba akwai mutum goma sha ɗaya a kwance, shida a gado, biyar a tabarma. Bakwai da ke iya taka ƙafa muka ce su je gida su dawo da la'asar. Huɗu da ba sa iyawa muka ɗora su a amalanke, muka kai su gindin tsamiyar da ke bayan makarantar firamare, inda ba a hango su daga hanya.

Ina so a rubuta cewa ma'aikaciyarmu, Malama Rhoda Paul, ba ta yarda ba. Shekararta goma sha huɗu a garin nan, kuma rabin yaran da ke makarantar nan a hannunta aka haife su. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, "Baba Hedimasta, in kun ɓoye su, to me baƙin za su zo su gani?" Na ce mata ita yarinya ce, ba ta san yadda ake karɓar manya ba. Ta ƙyale ni saboda furfurata. Da ma ta yi mini rashin kunya a ranar.

3. An ce baƙin za su iso da ƙarfe goma. Sai biyu da rabi suka iso. Su uku ne, kuma minti ashirin da biyar suka yi, na duba agogona. Suka leƙa ɗaki, suka buɗe sabuwar rajista suka ga layi uku, suka ɗauki hoto. Malama Rhoda ta buɗe baki za ta yi magana, na harare ta. Babbansu ya yaba da tsafta, mu kuma muka ji daɗi har cikin ranmu, muka sa musu zabi biyu da ƙwai a bayan mota, muka raka su da addu'a.

Laifinmu ke nan, na faɗe shi ba tare da ragi ba. Amma da izininka, ranka ya daɗe, akwai na waɗanda aka aiko. Simintin bakin ƙofar asibitin ya lotsa saboda sawun mutane. Bencin jira ya yi sulɓi saboda zama. Babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa rajista ta fara daga ranar Litinin. Babu wanda ya tsayar da mace ɗaya a bakin rijiya ya ce mata ina kike haihuwa. Ni da na yi aikin duba makarantu na san cewa duk ajin da ka tarar babu ko takarda ɗaya a ƙasa, to an san da zuwanka. Ban zaci za a ɗora dokar ƙasa a kan ziyarar minti ashirin da biyar ba.

4. Cikin huɗun da muka kai gindin tsamiya akwai Haladu, makiyayi daga rugar tsakiya, mutum mai kimanin shekara arba'in da 'ya'ya biyar. Amai da gudawa suka kawo shi, ana ƙara masa ruwa. Muka rataye ledar ruwan a reshe. Ruwan ya ƙare kafin azahar, ita kuwa Malama Rhoda mun tsayar da ita a ƙofar asibiti cikin fararen kaya kada baƙi su zo ba ta nan. Wanda ya san zafin Mayu a tsakanin duwatsun nan ya san abin da awa shida ke nufi. Da muka dawo da shi, jijiyarsa ta ɓuya, da ƙyar aka same ta. Ya rasu ranar Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Na kuma san hannun da ya tura amalanken. Yayansa Lauwali har yau yana durƙusawa ya gaishe ni ranar kasuwa, bai taɓa ce mini komai ba, kuma wannan gaisuwar ta fi mini zagi ciwo. Sunan Haladu ba ya cikin rajistar da mutanenka suka gani. A takardunku bai taɓa yin rashin lafiya ba.

5. Ƙorafina na gaba shi ne an fara aiki da dokar tun ba ta zama doka ba. Iyakar saninmu, ƙudirin bai kai karatu na uku ba. Amma tun ranar 23 ga Yuni motar da ke kawo mana magani ba ta sake zuwa ba. Da muka bi sawu, aka ce sunanmu yana cikin jeri, ba za a kai kaya inda za a rufe ba. An gaya wa Malama Rhoda da baki, ba a rubuce ba, cewa ta fara ɗaure kayanta. An ce ranar 31 ga Yuli za a zo a kwance firjin allurar rigakafi da faifan hasken ranar da ke kan rufi. Duk wanda muka tambaya sai ya nuna sama da yatsa. Shi ya sa na rubuto saman.

6. Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Asibitin da aka ce za a haɗe mu da shi yana da nisan kilomita goma sha tara. A taswira wannan ba komai ba ne. Amma tsakaninmu da titi akwai rafi, kuma babu gada. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, in aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, rafin yakan kwana biyu ko uku ba ya ƙetaruwa. Babur ba ya shiga, jaki ma tirjewa yake. A irin waɗannan kwanaki duk abin da ya same mu, ɗakin nan mai gadaje shida shi ne Kano, shi ne Abuja.

Damina ta sauka. Ruwa ya fara wanko bayan gari yana zubawa a rijiyoyin gangare. Daga 28 ga Yuni zuwa jiya Lahadi, mutum tara aka kawo da amai da gudawa, biyar daga rugar su marigayi Haladu, huɗu daga cikin gari. Ban ce na san sunan cutar ba, ni ba likita ba ne. Amma na ga irinta shekarun baya, na kuma tuna yadda ta fara: biyu, sai biyar, sai aka daina ƙirgawa. Malama Rhoda ta nuna mini abin da ya rage a kabad, ledar ƙarin ruwa goma sha huɗu. Ta ce babban mutum ɗaya da ciwon ya kama sosai yana iya shanye shida ko takwas. Na koyar da lissafi shekaru da yawa, amma wannan ban so na yi shi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, dattijon da ke kula da maƙabartarmu ya same ni a ƙofar gida. Bayan mun gaisa, ya tambaye ni ko ya sa a sassabe gefen gabas tun ƙasa ba ta jiƙe da yawa ba. Na juya na shige gida. Shekaranjiya na wuce na ga an sassabe.

7. Game da abin da ya kamata ƙasa ta sa a gaba, ba ni da bakin da zan koya wa majalisa aikinta. Ba ma ƙin manyan asibitoci. Mu ma muna so in ciwo ya fi ƙarfin garinmu a sami inda za a kai mu. Sai dai na'urar da ke birni tana amfanar wanda ya isa birni da rai ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma namu yoyon ba na'ura ba ce, ledar ruwa ce da mace ɗaya da ta iya neman jijiya.

Akwai kuma abin da ya fi garinmu girma. Wani abokin aikina na dā, da ke zaune a wani ƙauye a yankin Gwiwa, ya gaya mini cewa su ma sun share, sun kuma sallami marasa lafiya ranar da baƙin suka je. Na ji makamancin haka daga wani ɗan kasuwar hatsi da ke zuwa daga wajen Babura. Ban ga nasu da idona ba, don haka ba zan rantse ba. Amma ina tsoron cewa jerin da ke gabanka ba jerin asibitocin da babu marasa lafiya ba ne. Jerin garuruwan da suka iya karɓar baƙi ne.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka:

(a) A cire sunan Dutsen Marke daga jerin, ko a dakatar da duk wani mataki a kanmu har damina ta wuce.

(b) A ba da umarni a rubuce cewa a dawo da motar magani cikin makon nan, kafin rafi ya rufe, da ledojin ƙarin ruwa a gaba da komai, a kuma bar mana Malama Rhoda Paul da firjinmu.

(c) A karɓi tsohuwar rajistar da na haɗo da wannan takarda. Na ciro ta daga ƙarƙashin katifa. A yi haƙuri da ƙazantarta. Akwai sunaye dubu uku da ɗari huɗu da goma sha biyu a cikinta na shekara guda, na ƙarshe shi ne na Haladu. Ina roƙon a ɗaga ta a zauren da aka ɗaga hoton.

(d) In akwai hukuncin da ya dace da wanda ya yaudari wakilan majalisa, a yi shi a kaina ni kaɗai. Mai gari ya bi shawarata ne, ma'aikaciyar kuwa ta hana aka ƙi ji.

(e) A sake turo mutane, kada a sanar da mu ranar zuwansu. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu sai da muka binne mutum muka gane. Na yi alkawari a gaban Allah ba za mu share ba, ba za mu shafa farar ƙasa ba, ba za mu ari zanen kowa ba.

In ayyuka sun yi yawa, ba a sami zuwa ba sai bayan kaka, a zo duk da haka, ranka ya daɗe. Za a tarar da gadaje shida babu kowa a kai, daidai yadda hoton ya nuna. Sai dai a wannan karon ba bayan makaranta za mu kai ku ku ga mutanen ba, gefen gabas ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa takardar nan ta riga ruwa isowa.

Naka mai biyayya,

Sama'ilu Baƙo,
Hedimasta mai ritaya,
Shugaban Kwamitin Kula da Ƙaramin Asibiti, Dutsen Marke.

Abin da aka haɗo: tsohuwar rajistar marasa lafiya, guda ɗaya, ba ta da bango.