Shatin Yatsan Umma

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Baban yara da yaran.

Kwalinki ya iso. Na rubuto miki cewa shekara ɗaya da wata bakwai ke nan ban wuce bakin matakala ba tun da ɓarin jikin Umma ya shanye, na ce ki zo ki karɓe ni ko na wata biyu ne, sai ga amsa: yumɓun roba kala shida da reza da takardar bayani. Sannu da ƙoƙari, Yaya.

Amma ba zan yi ƙarya ba, abin ya shiga raina. Idan na juya Umma na ba ta magani, sai in zauna bakin taga in yi ta murza shi har ya yi laushi, in shimfiɗa shi a kan tayil da kwalbar maganin tari, in huda da tsinken sakace. Na yi 'yan kunne, na yi wata kyanwa da Umma ta ƙura wa ido ta ce, "Akuyar wa?"

Gasa su ne ya gagara. Na sa a obin, Umma ta kira ni, kafin in gama canza mata zani hayaƙi ya turnuƙe gidan. Kwana biyu tana tari, likita ya ce kada in kuskura in sake. Shi kuwa yumɓun nan ba ya bushewa da kansa, ko shekara zai yi. Ga su nan jere a faranti ɗanyu, muna ta kallon juna.

Shugabar makaranta ta aiko. Idan ban koma koyarwa ranar Litinin ta farkon wata ba, za a ba wani gurbina. Na gaji, Yaya, kuma tsoro nake ji.

Na saka miki wani abin wuya a gwangwanin alewa, ki gasa mana a obin ɗinki. Don Allah ki bi shi a hankali.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa Umma addu'ar samun sauƙi, ke kuma Allah ya saka miki.

Game da ƙonewar, kuskuren naki ne. Takardar ta ce wuta kaɗan, minti talatin, kuma ba a matsawa daga wurin.

Ga abin wuyan na dawo miki da shi gasasshe. Launin ya yi kyau, sai dai har yanzu kina nan da gaggawarki. Na tarar da wani ƙaton shatin yatsa a tsakiyarsa, har ya lotsa. Na daidaita wurin da bayan cokali, na goge da auduga da sifirit, bayan ya huce na bi shi da samfefa. Yanzu sumul yake kamar na kanti. Nan gaba ki riƙa sa safar hannu.

Maganar zuwa kuwa, kin san yara suna jarrabawa, Baban yara kuma ba ya cin girkin kowa sai nawa. Ki roƙi shugabar ta ƙara miki zango ɗaya. Ke kika san hannun Umma, ni ko juya ta ban iya ba. Za ki ga sababbin kala uku a kwalin.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa.

Ba yatsana ba ne, na Umma ne. Na hannun dama, wanda ya mutu.

Mako uku ina ɗora mata yumɓun a tafin hannu kullum da safe, ina cewa, "Umma, danna." Babu ko motsi. Ranar Alhamis ta cije leɓe, gumi ya keto mata, babban yatsan ya sauka. Muka yi ta kuka ni da ita. Da harshenta mai nauyi ta ce, "Kai wa yayarki ta gani." Ta hana ni rubuta miki, wai za ki gane da kanki, ai hannun da ya yi miki kitso ne.

Da gwangwanin ya dawo ta ce in buɗe a gabanta. Ta shafa abin wuyan da hannun hagu, ta juya, ta sake juyawa, sannan ta mai da fuskarta bango.

Shugaba ta ce babu ƙarin zango. Ranar Litinin ƙarfe bakwai zan fita. Makulli yana wurin mai gadi, jerin magunguna yana manne a firij. Ki zo ko kada ki zo.

Auta

Yaya,

Barka da war haka.

Yau Litinin. Na sa takalmi, na sauka matakala huɗu ina leƙen ƙofar waje, sai na ji Umma tana kira, na koma ciki. An ba wani ajina.

Ɗazu ta sake dannawa, ya ma fi na farko zurfi. Wannan ba zan aiko ba. Yana nan a faranti bakin taga, ɗanye, na kifa masa kofi saboda ƙura. Idan kina son gani, kin san gidan.

Kada ki ƙara aiko kala, sun ishe ni.

Ƙanwarki,
Auta