Albarushin Kawu Alu

Kalfu, daren Laraba, bazarar 1984

Jiya kura ta sake ɗauke mana akuya. Saura guda, wadda yara ke shan nononta. Da safe Kawu Alu ya ce in tono masa albarushinsa. Shekara huɗu ke nan da ya binne shi cikin ƙaho ƙarƙashin randar matarsa, Inna Hajo, wai jandarma mai binciken makamai ba ya leƙa wurin ruwan mata.

Ƙasa duk ta bushe, ashe nan kaɗai ke da laima. Albarushin ya dunƙule, hulunan ƙyasta bindiga da ya binne tare da shi sun yi tsatsa. Kawu ya zuba kaɗan bisa dutse ya ɗora garwashi, sai hayaƙi kawai, bai tashi ba.

Inna ta ce, "Maigida, ashe kai ke shayar da shi ruwan da muke nema."

Bai yi dariya ba. Na ce ni zan kwana wajen turke da sanda.

Ga shi yanzu ya zo ya zauna, bindiga bisa cinya, ba komai cikinta. Ya ce ai kura ba ta sani ba. Na matsa masa tabarma.