Cajin Mota a Hanyar Ɗaurin Auren Khadijatu

Catford, Landan.
Lahadi, 19 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Hajiya Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya ke da yara, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya jiƙan maigidanki Yaya Hambali, ya kai haske kabarinsa. Mu nan lafiya ƙalau. 'Yata Fausia da mijinta Zaid suna ta hidima da ni, har na fara ajiye tumbi, in kin gan ni sai kin yi mini tsiya. Na san kin ga hotuna a waya, kin kuma ji an ɗaura auren 'yarki Khadijatu da Affan shekaranjiya Juma'a a Manchester. Amma akwai abin da hoto bai ɗauka ba, kuma ba zan iya faɗa miki shi ina jin muryarki ba, shi ya sa na nemi biro.

Kin san abin da ya taso ni daga Kano. Kina tsaye a asibiti ranar da Yaya ya riƙe hannuna ya ce duk inda auren Khadijatu ya kama, ni zan ba da ita. Da aka hana ki biza, sai nauyin ya zama biyu a kaina. An sa ɗaurin auren ƙarfe biyu, bayan sallar Juma'a, a wani zaure da mutanenmu suke haya. Ƙarfe uku masu wurin suke rufewa, liman kuma ya koma wurin aikinsa. Zaid ya riga mu tafiya tun Alhamis, ni da Fausia muka kama hanya da safe a motarta mai aiki da lantarki. Hajiya, kafin mu tashi na ce ta buɗe mini gaban motar in duba baƙin mai da ruwa, yadda na saba shekara talatin da ɗaya ina jan fasinja Kano zuwa Jos. Wallahi babu inji! Wani ɗan akwati na tarar, ta zuba takalmanta a ciki. Mota tana gudu kamar ta tashi sama, amma ba ƙara, ba hayaƙi, ba canjin giya, sai ka rantse turo ta ake yi.

Fita daga Landan kaɗai ya ci mana fiye da awa guda saboda cunkoso. Muna wuce Birmingham batir ya sauka zuwa sha ɗaya cikin ɗari, muka ratse wurin hutawar matafiya don mu yi caji. To a nan na ga ikon Allah. Wasu fararen akwatuna ne a jere, kowanne tsayin mutum, da igiya mai kaurin damtsena. Babu mai zuba mai, babu maigadi da sanda, babu wanda za ka kira ranka ya daɗe don ya sa ka a gaba. Duk wuraren a cike suke, motoci uku suna jira, kuma kowa ya san wanda ya riga shi ba tare da an yi layi ba. Ni da na kwana uku a layin mai a Zariya Road har aka fasa mini madubi, sai na tsaya ina kallon mutane kamar baƙauye. Da layi ya zo kanmu, Fausia ta jona igiyar a gefen motar, ta ɗora katin banki a jikin akwatin, shi ke nan. Lamba ta fara hawa a gabana, ashirin, talatin da biyar, hamsin. Na taɓa igiyar da bayan hannu na ji ɗumi kaɗan kawai. Wutar da na tabbata za ta haska layinmu gaba ɗaya tana bi ta cikinta shiru, ga wata Baturiya a gefe tana cin tuffa ko a jikinta. Na yi tasbihi ya fi a ƙirga.

Kafin in gama alwala in sha shayi, minti ashirin da biyar, ta kai tamanin. Fausia ta miƙa hannu za ta cire, ta ce wannan zai kai mu har da saura. Nan fa tsohon direba ya motsa. Na ce ban taɓa barin gidan mai da tankin da bai cika ba, ba kuma a ƙasar mutane zan fara ba. Na ce wuta ce fa, yanzu akwai ta, wa ya san ko an ɗauke a gaba? Na tuna mata yadda muke yi a gida in an kawo wuta, a cika waya, a cika fitila, a cika duk abin da yake cika. Ta ce mini a hankali daga tamanin cajin yana rage gudu sosai. Na ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kin san Fausia, ba ta taɓa musu da ni ba. Ta dubi agogo, ta sauke hannunta, ta koma cikin mota ta zauna.

Hajiya, lambar da take tsalle ɗazu sai ta koma rarrafe. Tamanin da biyar, a jira. Tamanin da tara, a jira. Na ga lokaci yana tafiya, amma girman kai ya hana ni janye maganata. Muna casa'in da huɗu wata mata da take jiran wurinmu ta fito daga motarta ta yi mana sallama da Hausa, ta ce ta ji mu tun ɗazu. Adiza sunanta, 'yar zangon Kumasi ta ƙasar Gana, tana tuƙin tasi a unguwar Peckham ta Landan. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce batir kamar buhun gero ne, da farko zuba kawai ake yi, in ya kusa baki sai an riƙa girgizawa ana dannawa, ragowar nan da nake jira ta fi duk na baya cin lokaci. Sannan ta nuna mini taswira a wayarta. Daga inda muke zuwa Manchester ɗigo-ɗigo ne kore ba iyaka, kowane ɗigo wurin caji ne, har da adadin waɗanda babu kowa a kansu a wannan mintin. Ta tambayi inda za mu, da ta ji, sai ta dafa ƙirji ta ce Baba a bar cajin nan, amarya ta fi shi. Da hannuna na so in fizge igiyar, ashe ita ma ba ta fita sai an sallame ta daga jikin akwatin.

Minti arba'in na ƙona a banza, garin neman ƙiba na samo rama. Muka faɗa cunkoson ranar Juma'a wanda da mun riga shi wucewa. Sallar Juma'a ta wuce mu a hanya. Ƙarfe biyu ta buga muna tsaye a bayan wata tirela, Zaid yana ta kira, ya ce liman ya ba da shawara a wakilta wani dattijo daga cikin jama'a ya ba da aure, tunda shari'a ta yarda in na ba da izini ta waya. Ban ba da izinin ba. Fausia ta ci gaba da tuƙinta, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Uku saura kwata muka isa. An naɗe dardumai, ana jera kujeru, jama'ar da ta cika zauren ta watse ta koma aiki, saura mutum goma sha biyu da liman yana riƙe da makullin motarsa. A nan na ji abin da ya faru. Da aka aika wa Khadijatu wajen mata cewa za a wakilta wani, ta ce a gaya wa liman ta gode, amma babanta ya riga ya faɗi wanda zai ba da ita, ko a titi ne za ta jira shi. Mahaifin Affan ya tambaye mu ko lafiya, kafin in yi magana Fausia ta ce hanya ce ta cushe, kowa ya yi mana sannu. Na zauna a kan dandaryar ƙasa, aka nemi auren Khadijatu daga gare ni, na ce na bayar. 

To Hajiya, kin ji gaskiyar magana. Mutum ɗari biyu ya kamata su shaida auren 'yarki, goma sha biyu suka shaida, kuma ba hanya ce ta jawo ba, ni ne. Yarinyar nan ta tsaya a kan maganar ubanta fiye da yadda ni ƙaninsa na tsaya. Da yamma na kira ta gefe na faɗa mata komai, ta yi dariya tana share hawaye ta ce ai Baffa ka zo. Ke ma ina roƙon ki yafe mini.

Ki gaishe mini da Inna Ajara, ki ce maganin da ta sa ni nema na samu. Ki gaida Basma da Abdul-Salam da duk mutanen gidan. Fausia da Zaid suna gaishe ki, amarya da ango kuma sun ce za su kira ki in sun natsu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanin mijinki mai jiran afuwarki,
Nasidi.